Shin Ko Kun San? Manyan Littattafan da Ake Yawan Ambata, Ba a Cika Buɗewa Ba

Shin ko kun san cewa littafin tattalin arzikin da ya fi tashe a duniya a 2014 yana cikin waɗanda aka fi saya a jingine? Capital in the Twenty-First Century ke nan, na Bafaranshe Thomas Piketty, mai shafi kusan 700. Wani masanin lissafi a Amurka, Jordan Ellenberg, ya duba wuraren da masu karanta shi a na'urar Kindle suka fi ja wa layi, sai ya tarar duk a farko suka taru, ba su wuce shafi na 26 ba. Don kada ku ma a yi muku wannan dariyar, ga ƙashin bayan littafin: muddin ribar da dukiya ke haifarwa ta fi saurin bunƙasar arzikin ƙasa, wanda ya ci gado zai yi ta ba mai albashi rata, komai ƙwazon mai albashin.

Shin ko kun san cewa cikin wata biyar kacal Ibn Khaldun ya rubuta Muƙaddima? A 1377 ne, a wata ganuwa da ake kira Ƙal'at Ibn Salama, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, bayan ya gaji da hidimar sarakuna da makircin fada. Haifaffen Tunis ne a 1332, annobar da ta ratsa duniya a 1348 ta ɗauke masa uwa da uba, daga baya kuma jirgin ruwan da ya ɗauko iyalinsa ya nutse dab da Iskandariyya. Gabatarwa ce kawai ya nufa ga babban littafinsa na tarihi, sai gabatarwar ta shanye uwar littafin a wajen suna.

Abin da ke cikinta har yau da zafinsa. Ya ce martabar gidan mulki ba ta cika wuce hawa huɗu ba: kaka ya gina da guminsa, ɗa ya ga yadda aka yi ya riƙe, jika ya kwaikwaya ba tare da ya san dalili ba, tattaɓa-kunne ya ɗauka jininsa ne ya ba shi, ya rusa. Ya ce idan daula tana sabuwa, haraji kaɗan take ɗorawa ta tara da yawa. Idan ta tsufa, sai ta labta haraji mai nauyi ta tara kaɗan, domin mutane sun daina sha'awar nema. Wannan maganar ce shugaban Amurka Ronald Reagan ya jawo a wani taron manema labarai a 1981, har da ambatar sunan malamin. Ibn Khaldun ya kuma ja kunnen sarkin da ke shiga kasuwa yana gogayya da talakawansa. Ni abin da ya fi burge ni shi ne rashin yardarsa da alƙaluma barkatai. Da ya ga marubutan tarihi na cewa rundunar Bani Isra'ila a sahara ta kai mayaƙa 600,000, sai ya tambaya: wane fili zai ɗauke su, kuma yaya sahun farko zai san halin da na ƙarshe ke ciki?

Kun san kuma alƙalin Malikiyya ne a Alƙahira, kuma a 1401 da igiya aka zuro shi daga saman ganuwar Dimashƙa don ya gana da Timur, wanda ya yi wa birnin ƙawanya? A littafin Ibn Khaldun na tarihi ne masana ke samun jerin sarakunan Mali mafi inganci.

Ɗalibinsa al-Maƙrizi, wanda ya riƙe hisbar kasuwannin Alƙahira, ya rubuta ɗan littafi a 1405 mai suna Igasatul Umma kan yunwa da tsadar da suka addabi Masar. Bai ɗora wa kogin Nilu laifi ba. Dalilai uku ya kawo: sayen muƙami da cin hanci, tsawwala kuɗin hayar gona, da cika kasuwa da kwabban tagulla har kuɗi suka rasa daraja.

Shin ko kun san cewa bayan fiye da shekara 570 wani Ba'indiye ya biyo kusan wannan sawun, har ya kai shi ga lambar Nobel? Amartya Sen yana ɗan shekara 9 ya ga yunwar Bengal ta 1943, wadda ta kashe mutum miliyan 2 zuwa 3. A littafinsa Poverty and Famines na 1981 ya nuna cewa abincin da ke Bengal a shekarar ya fi na 1941, shekarar da ba a yi yunwa ba. Shinkafa na kasuwa. Kuɗin yaƙin duniya ne suka haukata farashi, ɗan ƙwadago da masunci da wanzami suka kasa saye. Akwai babi guda kan farin Sahel na shekarun 1970, da yadda makiyayi ya ci duka biyu: dabbarsa ta rame farashinta ya faɗi, hatsin da zai saya kuma ya tashi. Wanda ke son ganin wannan a ƙasar Hausa dalla-dalla, Silent Violence na Michael Watts, 1983, a Kaita ta ƙasar Katsina aka yi bincikensa. Littafi ne mai nauyin harshe, a gaskiya, sai an daure.

Shin ko kun san cewa Adam Smith, uban masu cewa a sakar wa kasuwa mara, a kwastan ya ƙare aikinsa? Shekara 2 bayan fitowar The Wealth of Nations a 1776 aka naɗa shi kwamishinan kwastan a Edinbara, yana farautar 'yan fasa-ƙwauri. Shahararriyar maganar nan tasa ta ɓoyayyen hannun da ke daidaita kasuwa, sau ɗaya tak ta fito a littafin gaba ɗaya. Abin da ya buɗe da shi kuwa masana'antar fil ce, irin wanda tela ke maƙale yadi da shi: mutum 10 da suka raba aikin, wannan ya ja waya, wancan ya yanke, wani ya fiƙe, suna fitar da 48,000 a yini, alhali kowa shi kaɗai ko 20 da wuya ya yi. Bai kuma amince wa 'yan kasuwa ba kamar yadda masoyansa ke nunawa. Ya yi gargaɗin cewa idan masu sana'a ɗaya suka taru, ko da biki ne ya haɗa su, hirar kan ƙare ne a yadda za a ƙara wa jama'a farashi. Dab da rasuwarsa a 1790 ya sa aka ƙone yawancin rubuce-rubucensa da ba a buga ba.

Kun san juzu'i ɗaya kaɗai na Das Kapital Karl Marx ya gani a buge, a 1867? Sauran biyun abokinsa Engels ne ya tattara bayan mutuwarsa. Kuɗin da suka riƙe gidan Marx a Landan kuwa, akasarinsu daga masaƙar auduga ta dangin Engels a Mancesta suka fito. Jari-hujja ce ta ciyar da babban mai zaginta. Fassarar littafin ta farko kuma cikin harshen Rashanci aka yi ta, a 1872, masu tace littattafai na sarkin Rasha suka bari ya wuce bisa zaton ba mai iya karanta shi.

Shin ko kun san cewa 'yar ƙanwar John Maynard Keynes ta zauna a Batagarawa? Keynes dai shi ne ya ajiye aikinsa a taron sulhun Basai na 1919, ya rubuta The Economic Consequences of the Peace yana gargaɗin cewa diyyar da aka ɗora wa Jamus za ta haifi wata fitinar. A 1936 kuma ya fito da ra'ayin cewa idan kasuwa ta mutu, gwamnati ce za ta kashe kuɗi ta tayar da ita. 'Yar ƙanwar tasa ita ce Polly Hill, ɗiyar wani masanin kimiyya da ya ci Nobel. Kawunta daga sama yake kallon tattalin arziki, ita kuma ta ce sai ta ga rumbu da idonta.

A ƙarshen shekarun 1960 ta tare a wannan gari na kusa da birnin Katsina, ta bi gida gida da gona gona, aka samu Rural Hausa a 1972. Ta rushe zaton masana na cewa mutanen ƙauye duk talaucinsu ɗaya. Ta nuna manomin da talauci ya hana shi noma: ga gona, amma ranar da take bukatar noman farko yana can yana ƙwadago a gonar wani don abin da za a ci da dare, da kaka ya sayar da ɗan abin da ya samu da araha, da bazara ya saya da tsada a hannun wanda ya iya ajiyewa. Ta kuma gano kasuwar da ba ta da rumfa: matan kulle da ke cinikin hatsi da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli daga cikin ɗakunansu, yara na kai da kawo, ba wani jami'in ƙididdiga da ya taɓa lissafa su. Babban kaso na littafin ƙamus ne na kalmominmu, su gandu, gayauna, jingina, aro, kowace da bayaninta. A ganina, duk wanda zai tsara wani shirin tallafa wa manoma a Arewa bai karanta wannan ba, ya rage wa kansa ido ɗaya. Kafin Batagarawa ma ta yi irin wannan aikin kan manoman koko na kudancin Gana, daga baya kuma ta yi a Dorayi ta Kano.

Shin ko kun san cewa ba gyaɗa Turawa suka zo nema Kano da jirgin ƙasa ba? Auduga suke so, don masaƙun Ingila. Jan Hogendorn ya ba da labarin a Nigerian Groundnut Exports, 1978. Dogo ya iso Kano a 1911, aka fara jigila a 1912, sai manoma suka yi nasu lissafin: masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da daraja, gyaɗa kuwa ta fi kawo kuɗin biyan haraji, kuma idan shekara ta ɓaci ana iya cinta. Fataken goro da suka riga suka san kan bashi da dillanci suka shiga tsakani, cikinsu har da Alhassan Ɗantata. Dalar gyaɗa daga nan ta samo tushe.

Su waɗannan fataken ma suna da nasu littafin, Caravans of Kola na Paul Lovejoy, wanda aka buga a Zariya a 1980, bayan ya zauna da tsofaffin fatake da jikokinsu a Kano. Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari. Madugu a gaba, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, a keta Borgu har Salaga ta ƙasar Gwanja, a juyo da goro a naɗe cikin ganye, ana kwancewa a hanya ana tsince wanda ya lalace. Tafiyar watanni ce. Da dama daga cikin zangunan Hausawa na Gana wannan hanyar ce ta haife su.

Kun san Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya shigo Kano a 1851 ya ƙiyasta tufafin da birnin ke fitarwa waje duk shekara a kan wuri miliyan 300, a taƙaice? Yana cikin littafin tafiye-tafiyensa mai juzu'i 5. Shi kuma wurin, daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya ake kwaso shi. Hogendorn da Marion Johnson sun bi sawunsa a The Shell Money of the Slave Trade, har zuwa lokacin da 'yan kasuwar Jamus suka fara jibgo wani mai araha daga gaɓar Zanzibar a tsakiyar ƙarni na 19, darajarsa ta zube, ɗaukarsa ta zama wahala.

Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin littattafan tarihin Afirka da jami'o'in duniya ke karantarwa, bakin wata tsohuwa Bahaushiya ne? Baba of Karo, 1954. A Giwa ta ƙasar Zazzau Baba ta zauna da Mary Smith tsakanin 1949 da 1950, ta ba ta labarin rinji da harin bayi, aure da saki, ƙawance, bori, da zuwan Nasara kamar yadda mata suka gan shi daga cikin gida. Ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba.

Shin ko kun san cewa masu buga littattafai a Ingila sun ƙi karɓar Capitalism and Slavery na Eric Williams? A Amurka ya fito a 1944, sai bayan shekara 20 aka buga shi a Ingila, lokacin marubucin ya riga ya zama firaministan Tirinidad da Tobago. Laifinsa shi ne ya ce ribar bayi da rake ta taimaka wajen gina masana'antun Ingila, kuma ba tausayi kaɗai ya sa aka soke bauta ba, har da raguwar riba. Masana na ta ja-in-ja a kai har gobe. Abin da ba a jayayya a kansa: da aka soke bauta a 1833, iyayen gijin bayi aka biya diyyar fam miliyan 20, bayin ko sisi, kuma sai a 2015 baitulmalin Birtaniya ya gama da bashin da ya haɗa da wannan.

Walter Rodney, mutumin Guyana, a Darussalam ya rubuta How Europe Underdeveloped Africa, 1972. Ya samu digirin digirgir yana ɗan shekara 24. Bam ya kashe shi a Jojtawun ranar 13 ga Yuni, 1980, yana da 38. Littafi ne mai tafasa jini, ya kuma dace a karanta shi da ƙuruciya. Sai dai kada a tsaya a kansa, don mai tsayawa nan yakan ɗauka duk ciwon daga waje ya zo. A haɗa shi da Yusufu Bala Usman, musamman The Manipulation of Religion in Nigeria na 1987, wanda ya juyo da fitilar cikin gida.

Kun san wani akawun kamfanin jiragen ruwa ne ya tona asirin Sarki Leopold na Beljiyam a Kwango? E. D. Morel yana tsaye a tashar Antwaf yana duba takardun kaya, ya lura jirage na shigowa maƙare da roba da hauren giwa, amma abin da suke komawa da shi bindigogi ne da harsasai da sojoji. Ya ce wannan ba ciniki ba ne, aikin tilas ne. Adam Hochschild ya ba da labarin a King Leopold's Ghost, 1998. Leopold bai taɓa taka Kwango ba. Morel kuwa ya zo har Kano, ya rubuta littafi kan Nijeriya a 1911.

Shin ko kun san yawan manyan littattafan da kurkuku ya haifa? Nehru na Indiya ya rubuta wa 'yarsa Indira wasiƙu 196 daga gidan yari, suka zama Glimpses of World History. Bafaranshe Fernand Braudel a sansanin fursunonin yaƙi na Jamus ya zayyana tarihin tekun Bahar Rum, akasari da ka. Ana kuma ruwaito cewa Imam Sarakhsi daga cikin ramin da aka tsare shi ya yi wa ɗalibansa shiftar al-Mabsuɗ, suna zaune a bakin ramin suna rubutawa.

Shin ko kun san cewa a rana ɗaya ta watan Afrilun 2014 arzikin Nijeriya ya kusa ninkawa a takarda, ya kai dala biliyan 510, ya wuce na Afirka ta Kudu, alhali ba wanda tukunyarsa ta ƙara ko tsoka ɗaya? Ma'aunin aka sabunta; ana ta amfani da na 1990, lokacin da ba wayar salula, harkar finafinai kuma ba ta kai ta kawo ba. Gana ta yi nata a 2010, ya tashi da fiye da kashi 60 cikin 100. Morten Jerven ya yi bayanin irin wannan a Poor Numbers, 2013, bayan ya zagaya ofisoshin ƙididdiga na ƙasashen Afirka ya ga ƙarancin ma'aikata da kayan aiki. Siriri ne, ana gama shi a 'yan kwanaki, kuma bayansa ba za ku sake jin an karanto alƙaluma a rediyo ku haɗiye ba tare da tauna ba.

Ha-Joon Chang, ɗan Koriya ta Kudu, ya nuna a Kicking Away the Ladder, 2002, cewa ƙasashen da ke wa'azin a buɗe iyaka, da kariya suka girma: Ingila ta haramta atamfar Indiya a 1700 da 1721 har masaƙunta suka tsaya da ƙafafunsu, Amurka kuma ta shafe ƙarni na 19 a bayan katangar kuɗin fito. Mai wucewa ta gaban rufaffun masaƙun Kakuri a Kaduna ba ya bukatar a yi masa sharhi.

Shin ko kun san cewa mace ta farko da ta ci Nobel a tattalin arziki, Elinor Ostrom a 2009, ba ma fannin ta karanta ba? Kimiyyar siyasa ta yi. Masana sun daɗe suna cewa duk abin da yake na kowa, makiyaya ko tafki ko daji, ƙarshensa lalacewa, sai dai gwamnati ta ƙwace ko a sayar wa mai kuɗi. A Governing the Commons, 1990, ta kawo wuraren da jama'a suka riƙe nasu ɗaruruwan shekaru. A ƙauyen Torbel na Suwizalan, tun 1517 dokar ita ce ba mai kai shanu makiyayar gari fiye da waɗanda zai iya ciyarwa a gidansa lokacin sanyi. A Balensiya ta Sifen, manoman rani na da kotun ruwa da ke zama duk Alhamis a ƙofar babbar majami'a, a yanke hukunci da baki nan take. Sharuɗɗan da ta tsamo ba su da wuyar faɗa: a san iyaka, masu amfani da abin su sa dokar da kansu, a sa ido, hukunci ya fara da sauƙi ya riƙa ƙaruwa, sulhu ya kasance kusa kuma da araha. Masu zaman sasanta rikicin burtali da mashaya, ga naku.

Mace ta biyu, Esther Duflo, ta karɓi tata a 2019 tare da mijinta Abhijit Banerjee da Michael Kremer. A Poor Economics, 2011, akwai gwajin da aka yi a ƙauyukan Udaipur na Indiya: ba wa uwa kilo ɗaya na wake duk lokacin da ta kawo yaro rigakafi, a sansanin da ba ya fashi, ya ɗaga yawan masu kammala allurai daga kashi 6 cikin 100 zuwa kusan 40.

Idan ɗaya kawai za ku iya nema a bana, mai Larabci ya ɗauki Muƙaddima, wadda ba ta wuyar samu a wajen masu sayar da littattafan addini. Mai Turanci ya fara da Baba of Karo, sannan Polly Hill. Na Kano da Katsina da Zazzau ɗin nan da dama sun daɗe ba a sake buga su ba, sai an leƙa ɗakunan karatu na jami'o'i ko Gidan Arewa a Kaduna. Malaman sassan Hausa da tarihi, da masu kamfanonin ɗab'i: jikokin mutanen Batagarawa da Kaita da Giwa suna nan da ransu, a fassara musu abin da aka rubuta a kan kakanninsu.